Darasin Kwalliya: Rufe Baƙin Ƙasan Ido da Konsila Ba Tare da Ya Tsattsage Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwana mata, barkanmu da warhaka, ya sanyi? Daga nan Unguwar Rimi nake magana, cikin Kaduna. In kun ji ƙarar janareta ku yi haƙuri, tun asuba aka ɗauke wuta. Yau ƙanwata ce a kujera, autarmu. Auta, gaishe su mana.

Auta: Ina wuninku.

Kun ji ta, wai kunya. Jarrabawa take rubutawa, kwana uku ke nan ba ta yi barcin kirki ba, shi ya sa na ce yau fuskarta ce ta dace da darasin nan. Matso kusa da fitila. Ɗaga kanki kaɗan. Yauwa. Kun ga wannan duhun da ya taso daga gefen hanci ya kwanto ƙasan ido? Shi za mu rufe da konsila, wato man kwalliyar nan da ake rufe tabo da duhun fata da shi.

Tambayar da aka fi turo min ita ce: Anti, wane konsila ne zai rufe min baƙin nan gaba ɗaya? Ni kuma amsata kullum ɗaya ce. Konsilan da ke cikin jakarki ma zai iya, hannu ne yake da nauyi. Yawancinmu lafta shi muke yi kamar ana yaɓen ɗaki, kafin a kai wajen biki ya dare, ya shige cikin layin ido, kuma baƙin yana nan yana leƙowa ta ƙasa, ya koma toka-toka.

Kafin ki buɗe komai, ki san irin baƙin da kike da shi. Sa yatsa ki ɗan ja fatar gefe, a hankali. In launin yana nan ruwan ƙasa bai gusa ba, to a jikin fatar yake, ko dai gado ne, ko yawan murza ido, ko rana. In ya fi kama da shuɗi-shuɗi, jijiyoyin jini ne kike hangowa, domin fatar wurin ba ta da kauri ko kaɗan, tana cikin mafi rashin kauri a jikin mutum duka. In kuwa kin ɗaga fuska sama wajen haske kin ga duhun ya ɓace, to inuwa ce kawai, wurin ne ya ɗan loma. Na Auta haɗi ne, akwai na gado, duk gidanmu haka muke, ga kuma na rashin barci a kai.

Akwai wani iri da zan faɗa ko da za a ji haushina. Wanda man bilicin yake kawowa, ya yi baƙi ƙirin daga ƙasan ido har saman kumatu. Wannan zan iya rufe miki shi na yini ɗaya, amma ki je ki ga likitan fata, kuma ki ajiye man nan. Na faɗa na fita.

To, bismillah. Auta ta wanke fuska, ta kuma yi alwalarta tun ɗazu. Amare ku riƙe wannan: a yi alwala kafin a zauna, domin konsila mai rufewa sosai yawanci ba ya barin ruwa ya taɓa fata.

Abu na farko mai. Ɗan kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa, ki raba wa ido biyu. Da wannan yatsan na zobe nake sawa saboda ya fi sauran rashin ƙarfi. Yanzu da muke cikin hunturu kar ki kuskura ki tsallake shi, iskar nan ta riga ta busar da fatar, in konsila ya hau busasshiyar fata sai ki ga yana ɓarewa kamar fentin tsohon gida. In bazara ta zo, watan Maris da Afrilu, sai ki rage. Man kaɗanya da basilin suna da kyau, amma ki bar su sai dare, in kika sa su ƙarƙashin kwalliya komai zamewa zai yi. Kin shafa, sai ki jira minti biyu ko uku ya shige.

Yanzu ga inda aikin yake. Kun ga wannan mai ruwan goro? Korekta ake ce masa. Nawa na L.A. Girl ne, Pro Conceal, amma kowane kamfani kika samu in dai launin ya yi, shi ke nan. Amfaninsa ya kashe duhun tun kafin konsila ya zo. In kika ɗora abu mai haske kai tsaye a kan baƙi, toka za ki samu, kamar yadda in kika shafa farin alli a kan baƙin allo. Ruwan goro shi yake dawo da wurin kusa da launin fata. Baƙar mace sosai ta nemi wanda ya ja zuwa ja-ja. Mai wankan tarwaɗa irin Auta, ruwan goro sak. Fara kuma ta nemi mai haske, wanda ya ɗan yi ruwan hoda.

Ku duba yawan da na ɗiba. A bayan hannuna na fara ɗiga shi, sannan na taɓa da ƙaramin burushi. Inda duhun yake kawai nake bi, ba na wuce iyakarsa. Auta, kalli sama. Kar ki ƙifta.

Auta: Yaya, yana min cakulkuli.

Daure mana. Kun gani? Ban rufe wurin da ruwan goro ba, har yanzu ana hango fatarta. Haka ake so. In ya yi yawa zai haɗu da konsila ya fito miki kamar miyar taushe. Sai ki ba shi kamar minti ɗaya ya kama jikinsa.

Kafin ya bushe bari mu yi maganar launi, don nan ne kuɗin mutane suke ƙonewa. Konsila biyu ne a gabana. Ɗaya daidai da fatarta yake, shi ne na rufewa. Ɗayan ya fi ta haske da mataki ɗaya, iyaka biyu, shi ne na haskawa. Da can baƙar mace tana shan wahala kafin ta samu launinta. A 2017 Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launin fandeshan 40, wato man kwalliyar da ake shafa wa fuska duka, a 2019 ta kawo konsila kala 50, daga nan sauran kamfanoni suka farka. Mu nan gida kuma muna da irin su Zaron da House of Tara, waɗanda dama don fatarmu suke yi. Saboda haka yanzu babu uzurin ɗaukar abin da ya fi ki haske da mataki huɗu.

In kin shiga Kasuwar Gumi za ki saya, kar ki yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan shago. Ɗiga a fuskarki, ba a hannu ba, don launin hannu daban na fuska daban. Ki fito bakin ƙofa inda rana take ki duba a madubi. Ki ɗan zaga ki yi wani cefanen, bayan minti goma ki sake dubawa, domin wasu suna ƙara duhu in sun sha iska. Sannan a kula da jabu. In farashin ya yi araha fiye da hankali, ko warinsa kamar na fenti, ajiye musu kayansu. Ido ne fa.

To, mu koma. Ɗigo uku nake yi da mai daidai da fatarta: ɗaya nan kusa da hanci inda duhun ya fi taruwa, ɗaya a tsakiya, ɗaya ƙarami a wajen wutsiyar ido. Wancan babban kusurwa ukun da kuke gani a Instagram da TikTok, wanda ake zanawa har kumatu, ai su a gaban manyan fitilu suke zaune, in sun gama ɗauka su wanke. Ke kuwa za ki shiga rana, ki shiga mota, ki zauna cikin mutane suna kallonki ido da ido.

Na ɗiga, kuma ba zan taɓa ba tukuna. Wannan jiran shi ne sirrin da mutane ba sa so, saboda gaggawa. Ƙirga talatin zuwa sittin a zuciyarki. In ya ɗan yi kauri a kan fata ya fi rufewa nesa ba kusa ba, da ɗigo ɗaya sai ki yi aikin ɗigo uku. Amma ki san kayanki, akwai masu saurin bushewa irin Shape Tape na Tarte, shi ba ya son dogon jira, ido ɗaya za ki gama sannan ki koma ɗayan.

Yanzu sai dannawa. Dannawa na ce, ban ce gogewa ba. In kika ja shi, kin kwashe korektan da ke ƙasa, aiki ya koma baya. Da yatsa nake fara bi, ɗumin hannu yana narkar da shi. Soson kwalliya kuma sai a ƙarshe, a jiƙa shi a matse sosai har ya daina ɗiga, a bi bakin-bakin wurin kawai don kar a ga iyaka. Soso yana shan kaya, in da shi kika fara rabin abin da kika sa a cikinsa zai ƙare. Kuma kar ki kai shi har gindin gashin ido, abin da ya rage a yatsa ya ishe wurin, don nan ne layukan suke.

Juyo su gani. Wannan idon an yi, wancan ba a yi ba. Nan kusa da hanci akwai sauran ɗan duhu, to nan kaɗai zan ƙara, da bakin burushi. Sai mai hasken, ɗigo ɗaya tak.

Masu kumburin ƙasan ido, ku saurara da kyau. Kar a sa mai haske a kan tudun, ƙara fito da shi zai yi. A cikin kwarin da ke ƙasansa ake sawa, inda inuwar take. Kafin kwalliya kuma ki sa cokali biyu a firij, ki ɗora na 'yan mintoci, yana ɗan saukar da shi.

Saura hoda. Amma dubi nan, har ya fara shiga layi, haka yake yi wa kowa. Sai kin fara baje layin da soso tana kallon sama, sannan ki danna hoda nan take. In kika zuba hoda a kan layi, kin ɗaure shi ke nan har dare. Mai ɗan ruwan ɗorawa nake so a fatarmu, irin Buttercup na Sacha. Wancan salon na tara hoda a bar ta minti biyar zuwa goma, na mai maiƙon fuska ne, kuma a lokacin zafi. A hunturu ba na yi. In Hajiya uwar amarya ce a kujerata, ko kusa ba na yi mata, zai ƙara mata shekara goma ne a banza. Ɗan taɓawa da burushi ya wadatar.

Hoda ta taɓa kunyata ni, ba zan manta ba. Farkon fara sana'ata, wata amarya ranar kamu, na sayo wata farar hoda a wani shago. A ɗaki ta yi kyau kamar ka sace ta. Da hotuna suka fito, ƙasan idonta fari fat, kamar ta kifa fuska a buhun fulawa. Ƙanwar babanta ta kira ni, abin da na ji ranar Allah kaɗai ya sani. Daga baya na gane sinadarin silika ne da ke cikin irin hodar nan yake mayar da hasken kyamara, haka ma wasu mayukan kare rana masu barin fari. Tun daga ranar ba amaryar da take tashi daga gabana sai na kashe fitila na ɗauke ta da filashin waya. Bari ma ku gani. Auta, kalle ni. Yauwa, babu fari.

Kwalli a ƙarshe nake sawa, don in ya zuba a share shi cikin sauƙi da auduga. Masu son na dutse irin na kakanninmu, ku sani wasunsa suna da dalma a ciki, kar a sa wa yara.

Abu biyu na tsafta. Juya kwalbarki za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe, an rubuta 6M ko 12M, wato wata shida ko goma sha biyu daga ranar da kika buɗe. Kuma masu yi wa mutane, kar sandar konsila ta taɓa idon kowa ta koma kwalba, a bayan hannu ake ɗigawa. Lokacin afolo da soso ɗaya sai ki raba wa ƙawayen amarya duka.

Amare kuma, na san za a yi kuka ranar kai ki, ba mai hana ki. Ki naɗe tishu ya yi tsini, ki sunkuyar da kai, ki tare hawayen tun daga kusurwar ido kafin ya gangaro. In ya riga ya sauko, ɗora tishun ki ɗaga, kar ki share. Da dare ki sa mai a auduga, ki ɗora a wurin ya jiƙa shi tukuna, zai fita da kansa ba sai kin dirje ba.

Auta: Yaya, in tafi? Ina da karatu.

Tsaya in yi ɗaya idon mana, haka za ki fita ido ɗaya? Ga shi har an fara kiran la'asar. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu jagira za mu yi. Auta, sauke hannun nan, kar ki murza.