Ihu, kururuwa, gunji: wane kuka ne wannan?

Jama'a, barkanmu da war haka. A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa a ƙasar Kamaru, inda katanga ke jingine da katanga, ba sai an aika wa maƙwabci ba. Da jin sautin da ya tashi a gidan can, ya san ko sanda zai rarumo, ko bokitin ruwa, ko kuwa hula zai sa ya tafi gaisuwa.

Kuka dai na kowa ne. Jariri na yi, kurciya ma na yi. Ihu kuwa kira ne, kurma shi ake yi don a kawo ɗauki: "Ihu, ɓarawo!" Shi ya sa in an makara ake cewa ihu bayan hari.

Kururuwa ta fi shi tsawo, ta fi tayar da tsikar jiki. Ita ce ta uwar da aka ce wa kwale-kwale ya kife da ɗanta a Binuwai. Hannu biyu a ka, ɗankwali a ƙasa, ba ta ma san ta fito ba takalmi ba: "Wayyo Allah, na shiga uku, na lalace!" Gunji kuma daga ƙirji yake fitowa, mai kauri, irin na zaki. In ka ji an ce magidanci na gunjin kuka, to abin ya kai maƙura. Bayan murya ta dishe sai shessheƙa, numfashi na sarƙewa, kafaɗu na rawa.

Kada dai a haɗa su da guɗa. Ita ta murna ce, ko da amaryar da ake rangaɗa wa tana cikin mayafi tana rusa nata kukan.

To, a gidan mutuwa fa? Hawaye ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne wanda malamai ke kira niyaha: kururuwa da marin kumatu da yage tufafi. Don haka za ka ji tsohuwa ta riƙo yarinya tana cewa, "Haba 'yar nan, yi ta salati, addu'a yake buƙata."

Makoki ma daga kuka sunan ya fito, amma yau in ka je zaman makoki, tabarma za ka tarar da carbi. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙan rai." Matar mamacin kuma ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10, in ba juna biyu gare ta ba.