Masu Binciken da Suka Zauna a Ƙauye, da Abin da Manoma Suka Koya Musu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wasu mutane ne da ba a cika jin labarinsu ba, wato masu binciken harkokin raya ƙasa da ke barin ofis su shiga ƙauye domin su ga yadda talaka ke noma, da yadda yake cin bashi, da yadda yake ratsa watannin da rumbu ya yi ƙasa. Duk shirin da Bankin Duniya ko wata ƙungiyar agaji ta kawo, akwai alƙaluman da aka jingina shi a kansu, kuma wani ne ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida ya tattaro su. Tsawon wannan zama, da irin kunnen da aka saurari mutane da shi, su ne ke yanke ko shirin zai dace da jama'a ko zai bi ta gefensu ya wuce.

A shekarar 1965 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya kama aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan lokaci ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin masana shi ne cewa haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya alamar ci baya ce, don haka malaman gona suka yi ta kiran manoma su riƙa shuka iri ɗaya tal a kowace gona. Norman ya ajiye ma'aikata a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa na yankin Zariya, suka shekara suna zagaya gidaje sau biyu a kowane mako, suna rubuta wanda ya je gona, da aikin da ya yi, da awannin da aikin ya ci. Da aka haɗa lissafi sai aka tarar gonar da aka gauraya shuka ta fi ba da kuɗi a kowace eka, kuma ta fi tsayawa idan damina ta yi gardama. Manomi ya san gero zai nuna a watan Agusta ya kore masa yunwa tun dawa ba ta kai ko'ina ba, waken da ke ƙarƙashinsu kuma ga abinci ga harawar dabbobi. Haka batun auduga: masana sun ce a shuka ta a watan Yuni, manoma kuwa sai su bari sai Yuli, aka yi ta kiran wannan taurin kai. Takardun ma'aikatan nan suka nuna cewa a Yuni da Yuli ne noman farko ke cinye hannun kowa a gida, kuma babu magidancin da zai bar ciyawa ta danne hatsin iyalinsa domin ya shuka abin da ba a ci. Wannan aiki yana cikin tushen tsarin binciken da daga baya ya bazu a Afirka da Asiya, wanda ke duba gona da gida da ma'aikatansa gaba ɗaya kafin a ba manomi shawara.

A 1967 Polly Hill, wadda ta riga ta yi suna da bincikenta kan manoman koko a Gana, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Abin da ta rushe shi ne zaton cewa mutanen ƙauye duk talaucinsu ɗaya. Ta ga masu ƙarfi da ke ajiye hatsi har ya yi tsada, ta ga marasa ƙarfi da ke sayarwa da kaka a kan araha, su koma ƙwadago a gonar wani da damina alhali tasu gonar na jira. Ta kuma lura da cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda babu alƙaluman hukuma da suka san da shi.

Binciken da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Christopher Udry, Ba'amurke, wanda ya shekara daga 1988 zuwa 1989 yana bin gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu na yankin Zariya, yana tambayar yadda ake bashi. Littattafan tattalin arziki sun saba da bashi mai takarda da jingina da kuɗin ruwa da ranar biya. Shi kuwa ya tarar kusan duk bashin yana gudana ne tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta, galibi babu takarda babu jingina, kuma sau da yawa mutum ɗaya yana bin wasu, wasu na bin sa. Babban abin da ya gano shi ne cewa biyan yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. Idan ruwa ya ci gonar wanda ya ci bashi, ko ciwo ya shigo gidansa, sai a ɗaga masa ƙafa ko a rage masa. Idan kuma mai bin bashin ne masifa ta samu, sai wanda ake bi ya gaggauta biya, har ya ɗora wani abu a kai. Bashin ƙauye, ashe, inshora ne a lokaci guda. Duk ɗan ƙauye ya san haka tun yana yaro, amma sai da wani ya zauna wata goma sha biyu yana rubutawa kafin masu tsara bankunan talakawa su sami hujja a rubuce cewa akwai tsarin da ya riga nasu, wanda kuma za su iya lalata shi idan suka shigo da ka.

Tattara irin waɗannan bayanai yana da wuyar da rahotanni ba sa nunawa. Baƙo da takarda da biro yana tambayar yawan shanu ko damman hatsi, abin da ya fara zuwa zuciyar magidanci shi ne haraji da jangali, waɗanda sai a 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke su. A yau tsoron ya juya: ana zaton mai tambaya ya zo rubuta sunayen masu cin tallafi, saboda haka mai rumbu biyu zai ce ɗaya gare shi, ɗayan ma ya kusa ƙarewa. Ga kuma matsalar awo. Takardar tambaya tana neman hekta da kilo, manomi kuwa da dami da tiya da buhu yake lissafi, damin wani kuma ya fi na wani. Binciken Bankin Duniya a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa idan aka gwada abin da manoma suka faɗa da awon na'urar GPS mai auna fili ta tauraron ɗan'adam, masu ƙananan gonaki sukan ƙara girman gonarsu, masu manya kuma su rage. Sannan namiji ba ya wuce zaure, don haka duk binciken da bai ɗauki mata aiki ba, daga bakin maigida zai ji labarin sana'ar matansa, kuma ba kowane maigida ne ya san abin da ke cikin adashen matarsa ba.

Nan ne ya kamata a yi maganar 'yan ƙasa da suka ɗauki nauyin aikin. Su ne suka san lokacin da za a yi shiru a bar dattijo ya gama gaisuwa, su ne ke gane amsar kunya daga amsar gaskiya, su ne ke hawa keke cikin laka a watan Agusta. Idan aka buga sakamakon a Ingila ko Amurka, sunansu yakan tsaya a layin godiya, wani lokaci ko nan bai kai ba. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma hasara ce ga ilimin kansa, domin mutumin da ya ji amsar da kunnensa ya fi kowa sanin inda alƙalami ya karkace.

Yanzu yanayin ya sauya. Ma'aikaci yakan iso da ƙaramar kwamfutar hannu, ya yi awa biyu a gida ɗaya, motar ta wuce gari na gaba kafin la'asar. Tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya da Bankin Duniya ke bibiyar gidaje iri ɗaya lokaci zuwa lokaci, wanda ci gaba ne na gaske, kuma da annobar korona ta zo a 2020 aka koma yin tambayoyin ta waya. Sai dai waya tana kaiwa ne ga mai waya da caji da sabis. A sassan Zamfara da Katsina da Kaduna inda 'yan bindiga suka hana noma, da wuya a sami jami'ar da za ta yarda ɗalibinta ya shekara a ƙauye kamar yadda aka yi a da, ga shi kuwa a nan ne ake kashe kuɗin agaji masu yawa. Hanyar da ta rage wa jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maraɗi ita ce su horar da matasan waɗannan ƙauyuka, maza da mata, su riƙa rubuta abin da ke faruwa mako-mako, a biya su haƙƙinsu, a sa sunansu a kan aikin, a kuma mayar wa ƙauyen sakamakon da Hausa.

Masu sauraro, a huta lafiya.