Juya bayansa tukuna: yadda ake karanta tsoffin kayan ƙawa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi wannan fil ɗin ado da ke hannuna, irin wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga. Duk wanda aka miƙa wa shi, fuskarsa zai fara kallo. Amma wanda ya daɗe yana tara tsoffin kayan ƙawa, da ya karɓa sai ya juya bayansa. Fuska don ta burge ido aka yi ta, kuma kwaikwayonta ba wuya. A baya ne maƙeri ya bar sawunsa, can ne za ku ga ƙarfen da ya yi aiki da shi da zamanin da ya rayu.

Kafin mu juya shi, akwai kalmomi uku da masu sayarwa ke yawan faɗa. Idan aka ce abu antik ne, ana nufin ya kai shekara 100. Bintej kuwa shi ne wanda ya haura shekara 20 amma bai kai ɗari ba. Ta ukun, estet, ita ce mai rikita mutane: ma'anarta kawai wani ya taɓa mallakar abin, ko da bara aka ƙera shi. Kuma ku lura da bakin mai sayarwa idan ya ambaci wani zamani, kamar na Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya. "Na zamanin Biktoriya" daban, "irin na zamanin Biktoriya" daban.

To, mu juya. Ga gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, wanda bai kamata mai wannan sha'awa ya fita babu shi a aljihu ba. Abin da muke nema shi ne tambari.

Tsantsar zinariya karat 24 ce, amma ta yi laushi da yawa, sai an gauraya ta da wasu ƙarafa kafin ta jure sawa da cirewa. Lambar da ake bugawa tana gaya muku kashi nawa cikin dubu ne zinariya. Idan kun ga 750, karat 18 ke nan. 585 karat 14 ce, 375 kuma karat 9. A azurfa, 925 ake nema. Kada ku haɗa wannan karat da ta duwatsu: ta duwatsu ma'aunin nauyi ce, karat 5 ne giram ɗaya.

Kayan Birtaniya su suka fi daɗin karantawa, domin tun shekarar 1300 doka ta wajabta gwada azurfa da buga mata tambari a Ingila. Kan damisa na nufin a Landan aka gwada. Anga ta jirgin ruwa tambarin Bamingham ce. Zaki mai tafiya shaidar azurfa 925 ne. Sau da yawa akwai harafi guda a gefe, wanda ke nuna shekarar gwajin. A Faransa kuwa, kan mikiya ake buga wa zinariya mai karat 18. Ga wata da nake matuƙar so: Birtaniya ta halatta karat 15 a 1854, ta soke ta a 1932. Wato lamba ɗaya tak ta killace muku shekarun abin. Sai dai rashin tambari ba ya nufin jabu, domin ƙananan kaya da yawa na ƙarni na 18 da na 19 ba a taɓa buga musu komai ba.

Idan kuka ga haruffan GF, kamar 1/20 12K GF, falle ne na zinariya aka manna a kan wani ƙarfe da zafi da matsi, kuma nauyinsa kashi ɗaya cikin 20 na abin. Yana daɗewa sosai. Ruwan zinariya kuwa shafe ne siriri, ku duba gefe da inda fata ke gogawa, za ku ga ƙarfen ciki ya leƙo. Akwai kuma finchbek, haɗin jan ƙarfe da tutiya da wani mai ƙera agogo a Landan, Kiristofa Finchbek, ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 18. Babu ƙwayar zinariya a cikinsa, amma na ainihi yau nemansa ake yi.

Yanzu ku dubi allurar fil ɗin. Kun ga ta zarce gefen jikinsa, kuma abin da ke riƙe ta ƙugiya ce kawai mai siffar harafin C, babu wani makulli? Haka ake yin su a ƙarni na 19, lokacin da tufafi ke da kauri. Makulli mai juyawa sai a ƙarni na 20 ya yaɗu. 'Yan kunne ma haka: masu sukurun ɗaurewa sun fito a ƙarshen ƙarni na 19, masu matse kunne kuma a shekarun 1930.

Bayan dutse ma yana magana. A kayan ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, akan rufe bayan dutsen ruf, a shimfiɗa masa siririn fallen ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashi don ya ƙara haske a gaban kyandir. Don Allah, irin wannan kada ya taɓa ruwa. Da danshi ya shiga, fallen zai dushe, kuma ba ya dawowa yadda yake. Ba ƙaramin takaici ba ne a ga zoben da ya tsira shekara 200 ya lalace a wanki ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan duwatsu ma gilashi ne mai dalma, wanda wani mai ƙera kayan ƙawa, Jorj Stras, ya shahara da shi a birnin Faris. Da hannu aka yanka su ɗaya bayan ɗaya, kuma manyan mutane sun sa su ba tare da jin kunya ba.

Daimon na da, idan kuka leƙa ta samansa, za ku ga kamar ɗan rami a tsakiya. Ba aibi ba ne, ƙasansa ne aka yanke a shafe maimakon tsini. Yankan zamani mai tsananin ƙyalli ya biyo bayan lissafin da Masel Tolkoski ya wallafa a 1919. Yakutu kuma, tsufan zobe ba ya tabbatar da cewa daga ƙasa aka haƙo shi, tunda tun 1902 aka bayyana hanyar haɗa shi a ɗakin gwaji.

Salon zamani fa? Na Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, cike yake da saƙo: zuciya, hannaye a haɗe, maciji da ya zama alamar ƙauna marar ƙarewa bayan Yarima Albat, wanda ya zama mijinta, ya ba ta zoben alkawari mai siffarsa. Da ya rasu a 1861 ta shiga baƙaƙen kaya, sai kasuwar jet ta buɗe, wato baƙin icce da ya daskare a ƙasa, wanda a lokacin ake haƙowa a garin Witbi na Ingila. Jet na gaske ba shi da nauyi kuma ba ya sanyi a hannu. Wanda ake kira jet ɗin Faransa gilashi ne, za ku ji nauyinsa da sanyinsa.

Salon da ake kira At Nubo, wajen 1890 zuwa 1910, lanƙwasa ce da furanni da ƙwari, kuma Rene Lalik ne gwaninsa. Zamanin Sarki Edwad, wanda ya gaji Biktoriya, ya zo da filatinam, ƙarfen da ƙarfinsa ya ba da damar yin aiki siriri kamar leshi. Salon At Deko na shekarun 1920 da 1930 ya miƙe layuka, ya kawo kusurwa da launuka masu karo da juna, sunansa kuma daga baje kolin Faris na 1925 ya samo asali. A shekarun 1940 Yaƙin Duniya na Biyu ya janye filatinam, sai aka koma manyan kaya na zinariya mai ja-ja, wadda jan ƙarfe ya ba ta launi.

Mu koma kan namu. Ga lamba 15, wato karat 15, don haka tsakanin 1854 da 1932 yake. Doguwar allura da ƙugiyar C sun ja shi zuwa ƙarni na 19. Amma ku matso da gilashin nan kusa da inda allurar ta haɗu da jikin fil ɗin. Kun ga wannan ɗan tabo mai launin toka? Dalma ce, wani ya taɓa yi masa gyara mai arha. Wannan zai rage masa daraja, kuma dole a sanar da duk maƙerin da zai sa masa wuta, domin dalma tana cin zinariya idan ta yi zafi.