Gansakukar Tekun Ƙanƙara da Tafiyar Kabon Zuwa Ƙasan Ruwa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, abubuwa uku na zo da su game da fayitofilankton, wato ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke yawo a saman teku, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Duk wanda ya taɓa ganin kududdufi ya yi kore shar da gansakuka ya ga danginsu. Kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa daga gare su take, kuma yayin da suke girma suna zuƙe kabon dayokzaid. In suka mutu suka nutse, kabon ɗin ya tafi ke nan na ɗaruruwan shekaru. In an cinye su a sama, yawancinsa sai ya dawo cikin iska.

Na farko shi ne sinadarin ƙarfe. Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antatika a ƙarshen kudancin duniya, cike yake da takin naitaret da fosfet, amma tsiron cikinsa bai kai yadda ya kamata ba, kamar gonar da aka zuba wa taki ta ƙi yin yabanya. Masanin teku John Martin na Amurka ya ce ƙarfe ne babu, domin ƙura ce ke kai wa teku ƙarfe, ita kuwa Antatika ƙanƙara ta rufe ƙasarta, sai 'yar ƙurar da ke zuwa daga wurare irin su Patagoniya, a kudancin Amurka ta Kudu. Hazon hunturun nan da kuke kuka da shi, wanda ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, shi ne ke ciyar da Tekun Atilantika, tsirran Tekun Kudu kuwa nemansa suke ido rufe. A 1988 Martin ya yi barkwanci cewa a ba shi rabin tankar jirgin ruwa na ƙarfe ya dawo da duniya zamanin ƙanƙara, wato tsiron ya zuƙe kabon dayokzaid ɗin da ke ɗumama ta. Ya rasu a 1993, kafin a gwada maganar tasa a teku. A 2004 jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya zuba ƙarfe a Tekun Kudu, ruwan ya yi kore, kuma aƙalla rabin tsiron ya nutse ƙasa da mita 1,000. Ku riƙe dalilin: dayatom ne suka tsiro, masu ɓawon silika kamar gilashi, masu nauyi, masu dunƙulewa. Nauyin nan, ina maimaitawa, nauyin nan shi ne komai.

Na biyu, a taƙaice, domin lokaci ya tafi. A yankin Atik, a ƙarshen arewacin duniya, ƙanƙara na narkewa, haske ya ƙaru, tsiro ya ƙaru, amma a wasu sassa ruwan daɗi da ke kwance a sama yana hana taki tasowa daga ƙasan ruwa, sai mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su kai maikuromita 2 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), su fi dayatom yaɗuwa. Waɗannan ba su da nauyin nutsewa da kansu, sai sun dunƙule ko sun bi ta kashin masu cinsu. Na uku, batun kiril, jatan landen da dabbar wel ke ci, sai wani zaman.

Na'am, Malama? Tambayarta ita ce me zai hana a yi ta zuba ƙarfen. An gwada, Malama. A 2009 Indiya da Jamus sun yi gwajin LOHAFEX a kudancin Atilantika, inda ruwan ba shi da isasshen silika. Dayatom ba su samu abin yin ɓawo ba, ƙananan tsirrai suka fito, ƙwarin ruwa suka cinye su, kabon ɗin da ya nutse bai taka kara ya karya ba. Tun 2008 ma ƙasashen Yarjejeniyar Landan, ta hana zubar da shara a teku, sun amince kada a yi irin wannan zubi sai don bincike.