Darasin Lafiya: Ƙwannafi a Hannun Likitocin Gargajiyar Koriya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau a kan ƙwannafi za mu zauna, amma ba wanda ke leƙowa sau ɗaya bayan an cika ciki da ƙosai da yaji ba. Wanda ya zama ɗan gida nake nufi: sau biyu ko fiye a mako ƙirji na zafi kamar an zuba garwashi, ruwa mai tsami na tasowa har maƙogwaro, wani ma ya wayi gari murya a dishe.

Ga yadda abin yake. A mahaɗar hanyar abinci da tumbi akwai wata tsoka kamar zobe. Abinci ya zo ta buɗe, ya wuce ta tsuke. In ta saki, ruwan asid mai narka abinci sai ya yi sama, ita kuwa hanyar abinci ba ta da rigar kariya irin ta tumbi. Zafin ke nan.

To, mu leƙa Koriya ta Kudu. A can likitan gargajiya shekara 6 yake yi a jami'a, ya ci jarrabawar gwamnati kafin ya taɓa mara lafiya, kuma tun 1987 inshorar lafiya ta ƙasa ke biyan kuɗin maganin tsira siraran allurai a jiki (acupuncture). Babban littafinsu shi ne Dongui Bogam, wanda likitan fada Heo Jun ya kammala a 1610, aka buga a 1613. A ilminsu, tsamin da ya taso aka haɗiye shi sunansa "tansan", wanda ya kai ga fitowa baki kuma "tosan".

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa gaggawar miƙa magani. Likita zai duba harshe, ya riƙe jijiyar hannu, sannan ya shiga tambaya. Yaushe kake cin abincin dare? Ciki na kumburi? Kana yawan fushi ko damuwa? A ganinsu ƙarfin tumbi ƙasa ya kamata ya nufa, ƙwannafi kuwa juyowarsa ce sama, sai an gano abin da ya juyo shi. Shi ya sa mutum biyu masu ciwo ɗaya kan fita da magani daban.

Mai jin ƙirji a cushe, ga gyatsa, ciki na ƙugi, sukan ba shi Banhasasim-tang. Asalinsa daga Sin ne, haɗin abu 7, ciki har da busasshiyar citta, saiwar ginseng, da wasu saiwoyi biyu masu ɗacin gaske. Wanda cikinsa ya yi rauni, ba ya marmarin abinci, loma kaɗan ta ƙosar da shi, nasa Yukgunja-tang ne. Akwai kuma garin ƙashin wata halittar teku mai hannaye da yawa (cuttlefish). Wannan ba wani sirri a cikinsa: sinadarin alli ne, irin wanda ke cikin ƙwayoyin taunawa na kemis, yana kashe kaifin asid na ɗan lokaci. Kusan dabarar masu jiƙa kanwa ce a wajenmu, sai dai ita kanwa gishirinta ya yi yawa, mai hawan jini ya yi nesa da ita.

Sai allura. Sirara ce kamar gashi, ba ruwan magani a cikinta. Akan kafa ta a Jungwan, tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, da kuma Naegwan. Bari in nuna muku wannan. Ku juya tafin hannu sama, ku jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Inda na ukun ya tsaya, tsakanin jijiyoyin nan biyu, nan ne. Dannawa da babban yatsa kan rage wa wasu tashin zuciya. Allurar kanta aikin wanda ya koya ne, don Allah kada a gwada a gida.

Gaskiya tsakani da Allah, shaidar binciken da ke bayan waɗannan ba ta kai ta magungunan asibiti masu rage asid irin omeprazole ƙarfi ba, kuma na gargajiyar ma suna da haɗari. Saiwar banha, wadda Banhasasim-tang ya samo sunansa daga gare ta, ɗanyarta guba ce sai an sarrafa ta, saiwar zaƙi (licorice) da ke cikin haɗe-haɗen nan biyu kuma tana iya ɗaga hawan jini. Mai juna biyu kada ta sha komai sai da izinin likita.

Inda asibiti da gargajiyar Koriya suka haɗu kuwa kyauta ne. A rage loma, a bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, a sa bulo a ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai, a kwanta ta gefen hagu. A rage maiƙo, taba da ƙiba.

Amma 'yan'uwa, in abinci ya fara tsayawa a ƙirji, ko ana ramewa ba dalili, ko aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, wannan ya wuce a ce "olsa ce" a ci gaba da jiƙe-jiƙe. A je a zura na'ura a duba. Zafin ƙirji mai zuwa da gumi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, zai iya zama zuciya ce. Wannan asibiti za a nufa a daren, ba a jira gari ya waye ba.