Layin da Babu Shi a Fili: Karkanda, Gidan Kallo da Ƙwallon Amurkawa

[Hoto: wasan ƙwallon Amurka, layi ruwan ɗorawa ya ratsa fili. A tsayar da hoton.]

Kun ga wannan layin ruwan ɗorawa? Babu shi. Wanda ya sayi tikiti ya shiga filin nan, ko a kujerar gaba ya zauna, ciyawa kawai zai gani a wurin. Su kansu 'yan wasan da kuke gani suna tsallaka shi ba sa ganinsa.

Tun da bidiyon wannan layin ya fara yawo a WhatsApp, tambaya ɗaya ce ke ta shigo mana: me zai hana a ja mana irin wannan layin a Karkanda, filin wasanmu na Katsina, a huta da rigimar satar gida? Wani bawan Allah daga Ƙofar Ƙaura har cewa ya yi a faɗa masa gwangwanin fenti nawa ake buƙata, shi zai saya. Allah ya saka da alheri, Alhaji, amma ajiye kuɗinka tukuna, ka ba mu minti goma.

[Hotuna huɗu a jere, da sauri.]

Wasanni huɗu ne a nan, kowanne mutanensa na kiransa ƙwallon ƙafa ko wani abu kusa da haka. Namu, mutum 11 da 11, minti 90. Zari-ruga, mutum 15 da 15, minti 80, kuma da hannu ba a miƙa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. Na Ostireliya, mutum 18 kowane ɓangare, a fili mai siffar ƙwai. Sai na Amurkawa, mai hular kwano da kafaɗu kamar an cusa filo, inda ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallo ba amma sunan ya bi shi. Kada ku tambaye ni dalili.

[Hoto: 'yan wasan Amurka sun jeru layi biyu, sun duƙa.]

Mu fara da su, tunda layinsu ne ya jawo maganar. Dokar a taƙaice: an ba ku dama 4 ku tura ƙwallo gaba yadi 10. Kun cika, a sake ba ku 4. Kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. To wannan layin ruwan ɗorawa shi ne ƙarshen yadi 10 ɗin. Tashar ESPN ce ta fara nuna shi a 1998. Kwamfuta ce ke zana shi: ta san ma'aunin filin, ta san inda kyamara ta juya, sai ta shafa launin a kan ciyawa kawai, ta bar jikin ɗan wasa. Shi ya sa kuke ganin kamar taka shi suke yi.

[Hoto: gefen fili, mutane riƙe da sanduna biyu da sarƙa a tsakani.]

Wanda ke cikin fili, abin da yake da shi ke nan: sanduna biyu da sarƙa mai tsawon yadi 10 a bakin layi. Daga can saman benci sai ya ƙanƙance ido.

Ku riƙe wannan: kafin a taɓa ƙwallo, kowa ya san inda layin yake, kuma ba zai gusa ba har a gama wannan damar. A tsaye yake kamar turken akuya.

[Hoto: 'yan kallo a filin Amurka suna cin abinci, 'yan wasa na tsaye.]

Agogon wasansu minti 60 ne, amma sai ya ci awa 3 da wani abu. Jaridar Wall Street Journal ta ƙirga a 2010, ta samu cewa lokacin da ƙwallo ke motsi da gaske bai wuce kimanin minti 11 ba. Saura fa? A gida, ana cike maka shi da maimaici ta kusurwa uku, da sharhi, da talla. A fili, akwai ma wani jami'i a gefe wanda aikinsa shi ne nuna wa alƙalai cewa talabijin ta tafi talla, a dakata. Ka biya kuɗi, ka zo da ƙafarka, kana jiran a gama tallan mota ga mutumin da ke kwance a falonsa. Ni dai wannan wasan, a bar ni da allo. Wasan ƙarshensu na Super Bowl ma sai wajen sha biyu da rabi na dare agogonmu yake farawa, wato ko mai gidan kallo ya kashe janareta ya tafi.

[Hoto: filin wasa na Muhammadu Dikko daga sama, sannan ƙofar shiga.]

Mu dawo gida. Ga Karkanda, gidan Katsina United. A nan ne nake so mu zauna sosai, domin a nan kuskuren yake.

Layin satar gida ba wuri ba ne a ƙasa. A jikin mutum yake. Doka ta 11 ta ce ana auna ɗan gaba ne da ɗan wasa na biyu daga ƙarshe a ɓangaren masu tsaro. Yawanci gola ne na ƙarshe, don haka na biyun shi ne ɗan bayan da ya fi kusa da ragarsu. Ya matsa gaba, layi ya matsa. Ya ja baya, layi ya bi shi. Ina za ka shafa fenti?

[Hoto: zane a allo, ɗigo ja da ɗigo shuɗi, layi na bin jan ɗigo.]

Wannan ma mai sauƙi ne, yawancinku kun sani. Wanda ake faɗa a kansa kullum shi ne lokacin. Ba lokacin da ɗan gaba ya karɓi ƙwallo ake dubawa ba. Lokacin da abokinsa ya buga masa ita ake dubawa. Zan sake faɗa, don na san wani ya tafi ɗebo ruwa: lokacin da ƙafar mai bayarwa ta taɓa ƙwallo. Ba kafin nan ba, ba bayan nan ba.

[Hoto: wasa a hankali. A tsayar daidai bugun.]

Duba nan. An buga. Mai shuɗi yana daidai da mai ja, kafaɗa da kafaɗa. Daidai ba laifi ba ne, tun 1990 aka gyara dokar haka. Yanzu a saki hoton.

[A saki.]

Kafin ƙwallo ta sauka ya ba shi tazarar mita 5. Duk wanda ya ɗago kai a wannan lokacin zai rantse da Allah satar gida ce. Kuma yawancinmu a wannan lokacin muke ɗago kai, saboda idonmu na kan ƙwallo, sai da ta tashi muka bi ta.

Kyamara ma haka take, makauniyar mabiyar ƙwallo ce. Inda ƙwallo ta je nan take zuwa. Fili mai tsawon mita 105 da faɗin 68 ba ya shiga allo gaba ɗaya sai 'yan wasa sun koma kamar tururuwa, don haka mai kyamara yana yanko maka yanki ne. Idan ɗan baya ya ɗaga doguwar ƙwallo daga gidansu, a daidai sakan ɗin da doka ta damu da shi, ɗan gaban ma wani lokaci baya cikin hoton. Kai kuma kana kan benci a Sabuwar Unguwa kana zagin lasman.

[Hoto: sanduna biyu a ƙasa a layi ɗaya, a ɗauke su daga gefe, sannan daga karkace.]

Ga kuma matsalar kusurwa. Waɗannan sandunan a layi ɗaya suke, mun auna. Daga nan, daidai. Mai kyamara, matsa hagu taku goma. Kun gani? Ɗaya ta wuce ɗaya. Babu abin da ya motsa sai mu. Babbar kyamarar wasa tana tsakiyar fili ne, satar gida kuma kusa da raga ake yinta, wato kusan kullum a karkace kake kallo.

Kada na filin ya yi dariya, shi ma bai tsira ba. Wanda ya zauna bayan raga ba shi da bakin magana a kan satar gida, ko kaɗan. Ni kaina na taɓa shan rana a bayan raga, na yi ta ihu har murya ta dishe, da daddare wani ya nuna mini abin da ya ɗauka a waya daga gefe. Mutumin nan da tutarsa ya fi ni gaskiya. Ban je na ba shi haƙuri ba, amma na ji kunya.

[Hoto: mataimakin alƙali yana gudu gefe-gefe a bakin layi.]

Mutum ɗaya ne a duk filin yake tsaye inda ya dace, shi ne wannan. Kalli gudunsa, kamar ƙaguwa. Ba ƙwallo yake bi ba, ɗan bayan nan yake bi, don ya zama shi ne layin. Sai dai an ɗora masa abin da ido ba ya iyawa: ya ga bugun a can, ya ga layin a nan, a lokaci guda. Shi ya sa sukan haɗa da kunne, ido a kan layi, kunne na jiran ƙarar bugun. Yanzu ku ƙara ganguna da kalangu da mutum dubbai suna kiran sunan kakarsa.

Nan ba mu da hoto, don haka ku saurara kawai, lissafi ne ɗan kaɗan. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a sakan ɗaya, tsakanin hoto da hoto akwai ɗan gibi. Ɗan wasa mai gudun mita 8 a sakan zai ci santimita 16 a cikin wannan gibin, kusan taƙi guda. Idan ɗan baya na fitowa shi kuma yana shiga, tazarar ta ƙaru. To wane hoto ne na bugun, wannan ko na gaba da shi? Mai na'urar VAR, wato alƙalin da ke duba bidiyo, sai ya zaɓa. Layin da yake ja muku a allo, bayan an gama yake jansa, a kan hoton da aka tsayar. Na Amurkawa ana jansa kafin a fara. Kama suka yi a ido kawai.

[Hoto: Qatar 2022, zanen kwamfuta na kafaɗar ɗan wasa ta ƙetare layi.]

Don rufe wannan gibin ne a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar aka sa na'ura a cikin ƙwallon kanta, mai aika saƙo sau 500 a sakan, ga kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin gaɓoɓin kowane ɗan wasa. Kun tuna Ajantina da Saudiyya? Ƙwallo 3 aka soke wa Ajantina kafin hutun rabin lokaci, ɗaya ta Lautaro Martinez saboda kafaɗa. Saudiyya ta ci 2 da 1. Wanda ke gida ya ga zanen. Wanda ke fili ya riga ya yi tsalle, ya rungumi wanda bai sani ba, sannan aka ce ya zauna.

[Hoto: zari-ruga, an cure wuri ɗaya, alƙali na magana.]

Sauran biyun da sauri. Zari-ruga: rabin abin yana faruwa ne a ƙarƙashin tarin ƙarti, daga benci ba ka ganin komai sai ɗuwawu. A talabijin kuwa alƙali na ɗauke da makirufo, kana jin dalilin kowane hukunci daga bakinsa. Allo ya ci wannan, duk da dai ƙarar karon jiki da jiki sai wanda ya je. Ku tambayi 'yan Afirka ta Kudu, kofin duniya 4 gare su.

[Hoto: filin Melbourne cike da mutane.]

Na Ostireliya kuma akasin haka. Filin kan kai mita 160 ko fiye, mutum 36 a warwatse, babu dokar satar gida, ƙwallo na tashi ko'ina. Kyamara tana haki. Wannan na zuwa fili ne, kuma suna zuwa, babban filin Melbourne na ɗaukar kusan mutum 100,000.

[Hoto: gidan kallo, benci, fanka, allo biyu.]

Namu fa? Ba zan ci amanar gidan kallo ba, a nan muka girma. Akwai inuwa, akwai maimaici, akwai musu mai daɗi, har da wanda bai taɓa buga ko ƙwallon tsumma ba yana gyara wa Guardiola tsari. Akwai kuma wannan baƙin cikin na jin gidan kallon maƙwabta sun yi ihun ci alhali a allonku ba a ma bugo kwanar ba.

Amma a ra'ayina, ƙwallon ƙafarmu ta fili ce. Mutum ɗaya ke riƙe da ƙwallo, 21 suna wani aiki, kuma wannan aikin ne kyamara ke yanke maka. Yadda 'yan baya huɗu ke tashi tare kamar an ɗaure su da igiya. Yadda ɗan gaba ke lanƙwasa gudunsa, ya yi gefe kafin ya yi gaba, don kada ya riga bugun. Ba za ka ga wannan a allo ba sai mai sharhi ya ga dama ya nuna maka.

[Hoto: benci na gefe a Karkanda, kyamara ta sauka daidai bakin da'irar gola.]

In za ku je wasan gida na gaba, ga inda za ku nema: gefe, sama kaɗan, daidai layin yadi 18. Minti biyar kacal, ku ƙyale ƙwallo. Ku kafa ido a kan ɗan bayan ƙarshe, ku bar kunne ya ji bugun, kuna ji ku ce "yanzu" a zuciya, ku ga wa ke gaba. Sau uku za ku gwada kafin kanku ya fara juyawa. Shi mai tutar haka zai yi minti 90, da gudu, a rana.

Alhajin Ƙofar Ƙaura, kuɗin fentin nan ya isa tikitin mutum nawa? Ka turo, mu za mu zo da ruwan sanyi.