Ruwan da ke gudu a hanyar Argungu

[Hoto: kwalta da tsakar rana, mota na tafe]

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Afrilu da tsakar rana ya san wannan abin. Can gaba sai ka hangi ruwa kwance a kan kwalta yana ƙyalli, har inuwar motar da ke zuwa kana gani a cikinsa. Alhali rabon da a ga ɗigon ruwan sama an yi wata biyar ko shida. Direba ko rage gudu ba ya yi. Kuna isa wurin, kwalta a bushe ƙamas, ruwan ya ƙara gaba.

Kawalwalniya ke nan. Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur, aya ta 39: mai ƙishirwa yana zaton ruwa ne, sai ya iso ya tarar babu kome.

To, me ido ya gani? Rana ta gasa kwalta, kwalta ta gasa iskar da ke kwance a kanta. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, shi ya sa hasken da ya gangaro daga sama, idan ya shigo cikinta a karkace, sai ya lanƙwashe ya juyo sama ya faɗa idonka. Hoton sararin sama kake gani a ƙasa. Ko da waya ka ɗauka zai fito a hoto, domin hasken na gaske ne. Wurin fassara aka samu kuskure. Tun kana yaro, ina ka saba ganin sama a ƙasa in ba a tafki ko gulbi ba? Ƙwaƙwalwa ta duba abin da ta saba, ta yanke hukunci tun kafin ka yi tunani: ruwa ne.

[Hoto: masunta a Matan Fada]

Mu ƙarasa Argungu, bakin gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Tsoma sanda a ruwa mai garau ka duba. Za ka rantse ta karye daidai inda ta shiga. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa cikin iska, a ruwa kuwa gudun ya ragu zuwa kusan 225,000, don haka yake karkacewa a bakin fita. Kifin da ke zurfin kamu huɗu, in ka leƙo shi daga sama, kamar a kamu uku yake. Masuncin da ke jifa da mashi ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi: ƙasa da inda ya ga kifin yake auna. Abin da ya fi burge ni shi ne, shekara arba'in yana su, idonsa bai daina nuna masa kifin a sama ba. Hannunsa ne ya koyi gyara.

Yanzu ku karanta abin da ke kan allo.

[Rubutu: Ya ɗauki gora ya nufi gulbi]

Wace gora kuka gani? Gorar tuƙa jirgi, ko kuwa goran da masunta ke hawa su yi iyo? A baki ba sa ruɗuwa, domin muryar ɗaya ta faro sama ta sauka, ta ɗayan ta faro ƙasa ta hau. Amma rubutun boko ba ya nuna karin murya, ba ya nuna jan wasali. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Wuyan jiki da wuyar aiki haka. A waya ma sai mu zubar da lanƙwasar haruffa, ƙasa ta koma kasa, mu karanta abinmu ba tuntuɓe. Mutumin Kabi zai ga an rubuta kifi, a cikin kansa kihi ya ji. Rabin abin da kake karantawa kai ke zuba shi, ba tare da ka san ka zuba ba. Ranar da kai da mai rubutu kuka zuba abu daban, ranar ce saƙon waya ke haɗa 'yan'uwa faɗa, kowa yana rantsuwa da abin da ya gani da idonsa.

Kunne ma bai tsira ba. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka haɗa hoton bakin mutum yana cewa "ga" da muryar da ke cewa "ba". Yawancin manyan da suka kalla suka ce "da" suka ji. Su rufe ido, "ba" ta dawo. Su buɗe, "da" ta dawo. Ido ya sa baki a aikin kunne.

Ga wata tambaya, ku amsa da sauri. Dabbobi nawa-nawa Annabi Musa, alaihis salam, ya ɗauka daga kowane jinsi a cikin jirgi?

[Shiru na daƙiƙa uku]

In kun ce bibbiyu, ku sake saurare. Jirgi na Annabi Nuhu ne, alaihis salam, kuma kun san haka tun kuna makarantar allo. An gwada irin wannan tambaya a Amurka a 1981, mutane da yawa suka faɗa, alhali sun san amsar gaskiya. Kunne ya ji sunan Annabi, ya ji jirgi, ya ji dabbobi, ƙwaƙwalwa ta ce zancen ya yi kama da wanda ta sani, ta wuce ba ta tsaya duba sunan ba.

Nan ne abin yake damuna, domin irin wannan saurin ba a wasa kaɗai yake tsayawa ba. Tun 1977 bincike ya nuna cewa maganar da mutum ya ji sau da yawa takan fi zama masa kamar gaskiya, ko da ƙarya ce. Sabo da magana da gaskiyar magana, a zuci ɗanɗanonsu ɗaya. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Cikin dare waya ta yi ta ƙara: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Yayarka ta kira, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa, aboki ya turo saƙo. Ka ji daga baki uku, sai ka ɗauka shaidu uku ne, alhali jita-jita ɗaya ce ta biyo hanya uku. Mutane sun kwanta asibiti saboda gishirin nan, har an rasa rayuka. Waɗanda suka sha ba wawaye ba ne. Iyaye ne masu tsoron kada 'ya'yansu su mutu.

[Hoto: wata ya fito a bayan itatuwa]

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To ga ganin da kowa ke yi kowane wata. Daren sha huɗu, bayan magariba, wata kan fito daga gabas jajir, ƙato kamar faifai. Tsakar dare ya hau sama ya zama ɗan ƙarami. Kusan shekara dubu da ta wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabul Manazir. A ganinsa, idan wata yana ƙasa akwai gidaje da itatuwa da fili tsakaninka da shi, sai zuciya ta ƙiyasta yana da nisa sosai, ta ƙara masa girma. Har yau masana na muhawara kan cikakken dalilin, amma awo ya tabbatar da abu ɗaya: girman watan bai ƙaru ba.

Kuna iya gwadawa da kanku. In daren sha huɗu ya zo, ku riƙe ƙwayar gyaɗa ɗaya, ku miƙe hannu sosai, ku rufe ido ɗaya, ku saita ta kan watan yana fitowa. Za ta rufe shi ruf. Ku adana gyaɗar, ku sake fitowa tsakar gida da ƙarfe sha biyun dare, ku miƙe hannun kamar ɗazu.